Manomin da Ya Tafi Bakin Teku a Kan Keke

Akwai wani manomi a ƙasar duwatsu, can arewa, mutum mai tsoron Allah, mai ƙwazo kuma. Yana shuka acha a kan tudu, dawa a gangare, matarsa kuwa tana da 'yar fadama inda take sa gwaza da yalo. Shi ba mai arziki ba ne, amma rumbunsa bai taɓa wayar gari ba hatsi ba.

Hannun mutumin nan a buɗe yake. In baƙo ya sauka a ƙauyen, gidansa ake nuna masa. In maƙwabci ya kira gayya, shi ne na fari a gona da fartanya a kafaɗa. Abu ɗaya ne kawai bai iya ba, wato karɓa. In aka kawo masa abinci, sai ya ce ya ƙoshi. In aka ce za a kama masa aiki, sai ya ce ya kusa gamawa. Yakan ce, "Allah ya ba ni hannu biyu, me zan yi da na wani?" Mutane suna yabonsa a kan haka, shi ma a ransa yabon yana masa daɗi.

Yana da wani baƙin keke, tsoho, wanda ya yi shekara ashirin yana kai shi kasuwa da majami'a. Ya san kukan kowane ƙarfe da ke jikinsa. Mota kuwa ba ta karɓe shi ba. Sau ɗaya ya taɓa shiga babbar mota zuwa birni, ya yi ta amai har suka isa, ya kwanta kwana uku. Tun daga ranar bai ƙara ba.

Manomin nan yana da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara biyu, yayar nan ce ta goye shi, ta tauna masa abinci, ta koya masa tafiya. Da ta girma sai ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Aka yi ta ɗaga su daga wannan tasha zuwa waccan, har suka dangana da bakin teku, a ƙarshen ƙasar. Can suka zauna, can mijin ya rasu, can 'ya'yanta suka yi aure. Shekara talatin da ɗaya ita da ƙanenta ba su ga juna ba, sai dai saƙon gaisuwa.

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi sujada, aka miƙa masa wasiƙa daga wurinta. Ga abin da take ciki:

"Auta, idanuna suna dushewa. Yanzu in mutum ya tsaya a ƙofa, tsawonsa kaɗai nake gani, fuskarsa kuwa sai ya matso sosai. Masu magani sun yi iyakacin ƙoƙarinsu. Ba gunaguni nake ba, Ubangiji ya nuna mini abubuwa da yawa a duniya. Amma ina so in ga yadda furfura ta yi maka kafin hasken ya tafi duka."

Manomin ya naɗe wasiƙar, ya sa a aljihu, ya ce da an gama yankan dawa zai tashi, a kan kekensa kuwa zai tafi.

Da labari ya bazu, maƙwabta suka yi ta zuwa da gargaɗi. Wani ya ce mutanen da ke hayin babban kogi ba sa son baƙi. Wani ya ce kada ya ci abincin kowa, gama ba a san abin da ke ciki ba. Cikin masu maganar nan babu wanda ya taɓa wuce tafiyar kwana biyu daga ƙauyen, amma maganarsu ta dace da halin manomin, sai ya riƙe ta.

Ya ɗaura garin gero rabin buhu, da ƙuli-ƙuli, da soyayyar gyaɗa, da jarkar ruwa, da 'yar tukunya, da tabarma, da famfo da kayan faci. A bisa wannan kuma ya ɗora tsarabar yayarsa: acha, da daddawa, da kuka, da riɗi, a ƙulle cikin jakar fata. Kaya ya yi tsayi a bayan sirdi har ya fi kansa.

Matarsa ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Maigida, keke ne wannan ko jaki? Ka rage mana. Ai akwai mutane a hanya."

Ya ce, "Akwai mutane, amma ba nawa ba ne."

Suka yi addu'a a ƙofar gida, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya kama hanya.

Kwanakin fari tafiya ta yi daɗi ƙwarai. Ya gangara daga duwatsu zuwa fili, iska tana kaɗa masa riga. Ya wuce gonakin auduga da suka yi fari, da garkunan shanu, da kasuwannin da bai taɓa jin sunansu ba. Da safe yakan tuƙa yana raira waƙoƙin yabo, da rana tsaka ya fake a inuwar mangwaro, da la'asar ya hura wuta ya dama kunu. Ya yi ta mamakin girman ƙasar da Allah ya shimfiɗa.

Mutane kuwa ba su rufe masa ido ba. Wani mai shayi ya kira shi, "Baba, sauko ka sha mai zafi!" Ya ɗaga hannu ya wuce. Wata Bafulatana ta miƙa masa nono a ludayi, ya ce ya ƙoshi. Wani malamin makaranta ya ce akwai ɗaki a gidansa, ya ce tabarmarsa ta ishe shi. Kwana takwas bai ci na kowa ba, bai kwana a ɗakin kowa ba. Sai dai wani lokaci yakan ji bakinsa ya yi nauyi don rashin abokin magana, har ya riƙa gaida kekensa da safe.

A rana ta tara ya shiga ƙasar masu doya, inda kunyar doya a gona take da girma kamar ƙaramin rumbu, harshen mutane kuma ya sāke. Da hantsi ya kai bakin wani dogon gangare mai tsakuwa, da rafi a ƙarƙashinsa. Ya matsa birki. Ashe nauyin kaya ya riga ya cinye robar tun a kan duwatsu, ƙarfe kawai ya saura. Keke ya ƙi tsayawa. Ya sa ƙafa a ƙasa, takalmi ya fita. Keke ya yi ta gudu da shi har ya daki dutse a bakin rafin, ya watsar da shi gefe guda, kaya gefe guda.

Da ya dawo cikin hankalinsa, sai ya ga gwiwarsa ta fashe tana jini. Ƙafar keke ta gaba ta lanƙwashe kamar tsohon faifai. Jakar tsaraba ta faɗi a kan ciyawa, ba abin da ya same ta. Amma buhun gari ya yage a cikin rafi, ƙuli-ƙuli da gyaɗa sun bi ruwa. Ya zauna yana kallon guzurinsa yana farantar da rafin, ƙananan kifaye suna taruwa suna ci.

Ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Ya tuna da wasiƙar da ke aljihunsa, da hasken da ke raguwa kowace rana a idon yayarsa. Sai ya ce, "Ya Ubangiji, ga ni nesa da gida, nesa kuma da inda za ni. Ban san abin da zan yi ba."

Yana nan zaune sai ga wata mace ta fito daga gona da kwandon doya a ka. Ta tsaya, ta yi masa magana da harshen da bai sani ba. Ya kaɗa mata hannu, ya ce, "Ba kome, je ki abinki." Ko ba ta gane ba ne, ko ta gane ta ƙi ji, Allah kaɗai ya sani. Ta sauke kwandon, ta ɗebo ruwa daga sama da inda garin ya zuba, ta wanke masa ciwon. Ta tsinko wani ganye, ta murje shi a tafin hannu, ta matse ruwansa a kai. Ta kwance ɗankwalinta, ta yage shi biyu, ta ɗaure gwiwar. Sa'an nan ta juya wajen gona ta ƙwala kira.

Mijinta ya fito da gudu. Ya dubi baƙon, ya dubi keken, ya girgiza kai. Bai tambayi ko shi wane ne ba, ko daga ina, ko wace hanya yake bi ta sujada. Ya sara masa sanda, ya ɗauki keken a ka, matar ta ɗora jakar tsaraba a kan doyarta, suka sa shi a tsakiya har gida.

Da rana ta yi sanyi aka kawo sakwara mai tururi da miyar agushi. Manomin ya shafa cikinsa, ya ce, "Na ƙoshi." A daidai lokacin nan cikinsa ya yi ƙugi da ƙarfi, har kajin da ke tsakar gida suka ɗaga kai. Maigidan ya fashe da dariya, matar ta rufe baki da hannu tana dariya. Manomin ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kāsa, shi ma ya yi dariya. Matar ta tura masa ruwan wanke hannu. Ya wanke, ya yi godiya ga Allah, ya ci. Tun da aka haife shi bai tuna abincin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba.

Kashegari suka kira wani tsohon maƙeri na ƙauyen, wanda a ƙuruciyarsa ya bi fataken shanu zuwa arewa, ya tsinci Hausa a can. Tsohon ya kwance ƙafar keken, ya kwantar da ita a kan kututture, ya yi ta bugawa a hankali, yana ɗagawa yana dubawa da ido ɗaya. Ya ɗaure wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya. Ya yanko sabuwar robar birki daga tsohuwar tayar mota. Yini biyu ya yi a kan aikin, manomin yana zaune kusa da ƙafa a miƙe, suna hira. Ta bakinsa ne mutanen gidan suka ji labarin yayar da ke bakin teku. Da matar gidan ta ji, sai ta dafa ƙirji, ta ce wani abu.

Maƙerin ya ce, "Tana cewa ka ci da yawa, ƙafa ta warke da sauri, kada tsohuwa ta gaji da jira."

A rana ta huɗu kumburi ya sauka, keke kuma ya miƙe. Manomin ya kwance jakar tsaraba, ya ɗebi acha zai ba maƙerin, gama zuciyarsa ba ta saba da zama da alherin wani a kanta ba. Tsohon ya mayar masa da hannu.

Ya ce, "Baƙo, a ƙasarku in ruwa ya zuba a gona, kukan mayar wa girgije?"

Manomin ya ce, "A'a."

"Me kukan yi?"

"Mukan gode wa Allah, mu yi shuka."

"To, yi haka. Achar nan ta yayarka ce."

Manomin ya mayar da achar cikin jaka. Matar gidan dai ta ga daddawa, ta ɗauki ƙulli ɗaya ta sunsuna, ta yamutsa fuska, sa'an nan ta yi dariya ta soke shi a zaninta. Wannan kaɗai aka karɓa daga hannunsa a gidan.

Da zai tashi, ya tsaya yana duban bayan kekensa, inda dā kaya ya fi kansa tsayi. Yanzu sai tabarma, da famfo, da jakar fata, da gasasshiyar doya uku da matar ta ƙulle masa a ganye. Ga shi kuwa sauran tafiya ta fi wadda ya yi.

Maƙerin ya lura. Ya ce, "Kwana biyu za ka kai babban kogi. Ka tambayi masunci mai jan gemu. Ka ce maƙerin da ya yi masa ƙugiya ne ya aiko ka. Daga nan shi zai san wanda zai miƙa ka gare shi."

Haka kuwa aka yi. Keke ya yi sauƙi kamar tsuntsu, tudun da dā sai ya sauka ya tura, yanzu yana hawa a zaune. Ya isa kogin da azahar, ya tarar da mai jan gemu ya shimfiɗa buzu a kan yashi yana salla. Ya jingine keke ya jira. Da masuncin ya sallame, ya ji saƙon maƙeri, sai ya ce, "Sannu da hanya, Baba. Sai ka ci kifi tukuna, kogi ba zai gudu ba." Ya ci. Aka kwantar da keken a cikin kwalekwale, manomin ya rungume jakarsa, ya rufe ido don tsoron ruwa, masuncin yana tuƙi yana yi masa ba'a har suka kai hayi.

Masuncin ya aike shi wurin surukinsa, wani tela a gari na gaba. Telan ya ɗinke masa wandon da ya yage a faɗuwa, ya aike shi wurin wata mai tuyar ƙosai a bakin wata majami'a. Ita kuwa ta aike shi wurin ƙanenta mai gonar lemo. Haka aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu, kamar yadda ake miƙa ƙwaryar ruwa a gona.

Kada ku ce ko'ina aka yi masa maraba. A wani gari ya yi sallama a gida uku, aka leƙo aka rufe ƙofa. Ya kwana a rumfar kasuwa da yunwa. Amma da gari ya waye, wani mai shara ya same shi yana naɗe tabarma, ya raba kokonsa biyu, ya miƙa masa rabi. Wannan karo manomin bai ce ya ƙoshi ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

Ƙasa ta yi ta sākewa a gabansa. Ciyawa ta ba itatuwa wuri, itatuwa suka yi tsayi har suka rufe sama. Ya ga itacen kwakwar manja, ya ga ayaba ta fi mutum tsawo, ya ga ruwan sama a watan da ƙasarsu ta bushe ƙayau. Ya koyi yadda ake cewa "na gode" da harsuna huɗu, ko da yake in ya faɗa sai an yi dariya. Bakinsa bai ƙara yin nauyi ba.

A rana ta ashirin da shida ya ji iska mai ɗanɗanon gishiri. Ya nuna adireshin da ke bayan wasiƙar ga masu wucewa, suka yi ta nuna masa hanya, har wata mai sayar da kifi ta bar tirenta wurin maƙwabciya ta raka shi ƙofar gidan.

Wata tsohuwa tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, ta fuskanci hasken rana. Manomin ya sauka, ya jingine keke.

Tsohuwar ta ce, "Wane ne nan mai tsawo?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya."

Can ta ce, "Matso."

Ya durƙusa a gabanta. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta wajen rana, ta kawo idonta kusa har numfashinta yana taɓa shi. Ta daɗe tana dubawa, daga goshi zuwa haɓa.

Ta ce, "Na gan ta. Ga furfurar nan, na gan ta da idona. Auta, ashe ka zama Baba sak." Hawaye suka zubo mata tana murmushi. Shi kuwa ya kifa kai a gwiwarta kamar dā, bai ji kunyar jikokinta da suka kewaye su ba.

Da suka natsu, ta shafa damtsensa, ta ja kumatunsa. Ta ce, "Ni na zaci za ka iso kamar karan dawa. Ga ka da kumatu! Wa ya ciyar da kai a hanya?"

Aka kwance kayan keke. Ban da jakar tsaraba, ga doya, ga kwalbar manja, ga busasshen kifi, ga lemo cike da tsohuwar riga, duk abin da mutanen hanya suka ɗaura masa. Ya zauna ya ba ta labari tun daga rafi. Ta ce ya faɗa mata sunayensu. Ya buɗe baki, sai ya ga bai sani ba. Ko sunan matar da ta yaga ɗankwalinta bai tambaya ba. Abin ya dame shi ƙwarai.

Yayar ta ce, "Bari damuwa. Wanda ya tsayar da su a hanyarka ya san sunayensu. Kawo hannunka."

Suka yi addu'a a bakin ƙofar nan. Shi yana faɗa, ita tana sa albarka. Matar rafi da mijinta. Tsohon maƙeri. Mai jan gemu. Tela. Mai ƙosai. Mai lemo. Mai sharar kasuwa. Da suka gama, ita da kanta ta ƙara da gida ukun da suka rufe ƙofa, ta ce wataƙila wani baƙo ne ya taɓa cutarsu, Allah ya warkar musu da tsoro.

Manomin ya zauna wurinta har bayan Kirsimati. Kowace safiya sukan zauna a hasken rana tana dubansa, ana dafa mata kunun acha irin na gida. Sa'an nan ya koma ƙasarsa lafiya. Hasken idonta bai kai damina ba, amma 'ya'yanta sun ce ba su taɓa jin ta yi baƙin ciki a kai ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Hanyar kuwa ita ce zamanmu a duniya, doguwa ce, ba wanda ya san gangarenta tun daga gida. Kayan da ya tula a bayan keke su ne abubuwan da muke dogara da su don kada mu bukaci kowa: ƙarfinmu, da wayonmu, da sunan kirki da muka yi a gari. Guzuri ba laifi ba ne. Amma ku lura, nauyin da ya ɗauka don ya tsare kansa, shi ne ya cinye masa birki.

Mutumin nan ba mugu ba ne. Da yana cikinmu yau, da mun zaɓe shi dattijon ikkilisiya. Girmankai iri biyu ne. Akwai na mai rowa, kowa yana ganinsa. Akwai kuma na mai kyauta wanda ba ya karɓa, wannan kuwa yana ɓuya a cikin rigar kirki, har mai shi ba ya gane shi. Wanda bai iya buɗe hannu ga maƙwabcinsa ba, da wuya ya buɗe shi ga Allah. Gama ceton da Yesu Almasihu ya kawo mana ba a saye, ba a musaya da mudun acha. Ya same mu a zaune a bakin rafi, ƙafa ta ƙi ɗaukarmu, muna kaɗa masa hannu muna cewa ba kome. Bai wuce ba. Abin da ya rage mana shi ne mu sa hannu biyu mu karɓa, mu gode, mu yi shuka.

Na san akwai waɗansu a nan da suke cewa "lafiya lau" a ƙofar majami'a, alhali tukunya ba ta hau wuta jiya ba. Akwai dattijon da ciwo yake ci, ya hana a faɗa wa kowa. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ba kanka kaɗai kake hana wa ba. Kana hana wani albarkar da Allah ya shirya masa ta wurinka. Matar rafin nan ta koma gida ba ɗankwali, amma ta koma da murna. In cikinka yana ƙugi, kada bakinka ya ƙaryata shi.

Faɗuwar kuma, kada mu ɗauke ta hukunci. Ubangiji bai ture bawansa don ya ji masa ciwo ba. Amma da abin ya faru, sai ya mai da shi ƙofa. Kwana takwas mutumin yana ratsa ƙasa yana ganin gonaki da shanu. Sai bayan da ya faɗi ne ya fara ganin mutane.

Mutanen hanya kuwa su ne hannuwan da Allah yake aiki da su, shi ne kuma yake zaɓensu, ba mu ba. Wata ba ta jin harshensa. Wani sallarsa dabam. Wani ba shi da kome sai koko kofi ɗaya. Maƙwabta sun ce hayin kogi ba mutanen kirki, su da ba su taɓa ganin kogin ba. Mu yi hankali da irin maganar da muke ɗaura wa 'ya'yanmu sa'ad da za su bar gida. Mu koya musu lura, i, amma kada mu cika musu jaka da tsoro.

Wata rana kai ne a kan keke, wata rana kai ne mai fitowa daga gona da kwando a ka. Akwai ma'aikaciyar jinya da aka kawo asibitinmu daga nesa, tana zama a bencin baya, ba ta gane rabin waƙoƙinmu. Akwai direban da motarsa ta lalace a bakin gari. Ba sai ka iya harshensa ba. Ruwa da abinci da wurin zama, kowa yana jin wannan yare.

Yanzu ina so kowa ya yi tunani. A rayuwarka akwai wani da ya taɓa tsayawa dominka a wata tasha, ko a asibiti, ko a bakin wata hanya, ya yi maka alheri ya tafi, ba ka san sunansa ba har yau. Ni ina da nawa, wata tsohuwa ce mai sayar da gyaɗa. Ku ma kuna da naku. Mu sunkuyar da kai, kowa ya kawo nasa gaban Ubangiji, ya kwatanta shi yadda ya iya. Shi ya san wanda kake nufi.